Tazarar haihuwa a Gure: abin da likitocin gwamnati ke bayarwa, da abin da ke hana shi isa ƙauyuka

Gure na gabas da birnin Damagaram, kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Gunduma ce mai faɗi wadda Mangawa, Hausawa, Fulani, Buzaye da Tubawa ke zaune cikinta, daga kwaruruwan kanwa da dabino na ƙasar Muniyo har duwatsun Kutus a arewa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 300 a cikinta. A wannan shekarar kuma binciken lafiya na ƙasa ya nuna mace guda a Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, jihar Damagaram kuwa ta zarce haka da 8,5. A lokacin, matan aure 12 ne kacal cikin ɗari ke amfani da hanyar zamani ta ba da tazara.

Dokar Faransa ta 1920 da ƙasar ta gada ta haramta maganin hana ɗaukar ciki, sai a 1988 gwamnati ta halatta shi. A 2006 aka yi dokar lafiyar haihuwa, aka kuma mai da waɗannan magunguna kyauta a likitocin gwamnati, tare da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ke nan matar da ta je CSI a Gure, Gidigir ko Kelle ba a kamata ta biya kuɗin ƙwaya ko allura ba.

Ƙwayar sha kullum ake shanta, mantuwa na rage ƙarfinta, kuma akwai irin da ake ba mai shayarwa. Allurar Depo-Provera wata uku take yi. Mata da yawa sun fi son ta don ba ta barin kwali a ɗaki da kishiya ko uwar miji za su gani. Takan birkita haila ko ta tsayar da ita, kuma bayan an daina ciki na iya jinkiri na watanni, wani lokaci har kusan shekara. Wannan jinkirin ne ya haifi jita-jitar cewa allura na kashe mahaifa, alhali haihuwa na dawowa. Wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, da mata ke kira ashana, iri biyu ce: Implanon shekara uku, Jadelle shekara biyar, kuma mace na da haƙƙin a cire mata duk ranar da ta so. Robar mahaifa mai jan ƙarfe na kai shekara goma. Kororon roba ne kaɗai ke haɗawa da kariya daga ciwon sanyi da SIDA. Shayarwa ma hanya ce, amma da sharaɗi uku a tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, haila ba ta dawo ba.

Matsalar Gure ta farko nisa ce. Ƙauyuka da rugage sun warwatsu cikin rairayi, zuwa CSI na iya cinye wuni a amalanke ko kuɗin babur da mace ba ta riƙe da su. Ƙananan likitocin ƙauye da aka gina zamanin shugaba Tandja Mamadou sun rage tafiyar, sai dai da farko ba su yin allura. A 2014 aka fara gwajin Sayana Press a irin waɗannan likitoci na Magarya da Tera. Maganin Depo ne a ƙaramin ma'auni, haɗe da ƴar gajeriyar allura da ake yi ƙarƙashin fata, ma'aikacin da ya samu ɗan horo na iya yin ta. Ashana da robar mahaifa kuwa na buƙatar hannun unguwarzoma ko ƙwararren ma'aikaci, ga kuma yadda ma'aikata ke gudun zama karkara.

Sai maganar maigida. A jihar Damagaram aka soma makarantar mazaje a 2008, guda 11, da tallafin UNFPA. Magidanta da gari ke jin maganarsu kan zauna da shugaban CSI su duba matsalolin awo da haihuwa, sannan su kai zancen majalisu da wuraren suna. Dabara ce da ta fahimci abin da kowa ya sani: a gidaje da yawa mace ba ta fita zuwa likita sai da izini. Malamai da dama sun halatta tazara tsakanin ma'aurata don lafiyar uwa da cika shayarwar shekara biyu, amma ba su yarda da ƙayyade yawan ƴaƴa ba. Tun can ma Bahaushe na ƙyamar rurrutsa, wato ciki kan goyo, don ya san tamowar da ke biyo bayan yaye na gaggawa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ita ma shekara biyu take ba da shawara a jira bayan haihuwa kafin wani cikin.

Bayan taron Wagadugu na 2011 da na Landan na 2012, Nijar ta ɗauki burin kai kashi 50 cikin ɗari a 2020. Ba a ko kusanci wurin ba, kodayake binciken 2021 ya nuna haihuwa ta sauka zuwa 6,2. Kyautar ma tana da nata rauni: gwamnati ta sha jinkirta biyan likitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta, mafi yawan magungunan kuma masu tallafi na waje ne ke sayen su, ga shi Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025. Matar da ta yi tafiyar wuni daga rugarsu ta tarar allurarta ta ƙare, ba lalle ta sake dawowa bayan wata uku ba.