Hanyar Paris: Tarihin Ɗalibanmu a Jami'o'in Faransa

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin Suleja ya san cewa garin nan yana da 'yan'uwa a can arewa. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya yiwo kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa birnin Abuja a 1828, wato garin da muke kira Suleja a yau. Haka nan sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa, zuriyarsu ta zauna a Maraɗi da Tasawa. Da Turawa suka zo suka shata iyaka, sai Abuja ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi da Tasawa suka faɗa hannun Faransa. Tun daga nan hanyar neman ilmin boko ta rabu biyu. Yaron Abuja mai hazaƙa Kwalejin Katsina yake nufa, kamar yadda Sarki Sulaimanu Barau ya yi, in kuwa da sauran rabo sai Landan. Takwaransa na Tasawa Dakar yake nufa, sa'an nan Paris. Hanyar Landan mun san ta, mun kuma ji labarinta daga bakin malamanmu. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi ɗayar hanyar, mu ga yadda karatun manyan digiri da zaman ɗalibai suka kasance a Faransa, da abin da ya dawo mana daga can.

Yaron da aka haifa a Tasawa

Babu misalin da ya fi na Abdu Mumuni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar makarantun Faransa a Afirka ta Yamma, sa'an nan ya wuce Paris ya karanci kimiyyar fiziks. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agrégation. Wannan ba digiri ba ne, gasa ce ta ƙasa baki ɗaya wadda ake zaɓen zaƙaƙuran malamai da ita, kuma guraben ƙididdigaggu ne, don haka ba cin maki kaɗai ake nema ba, sai mutum ya tsere wa 'ya'yan ƙasar a cikin harshensu. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin fiziks. Babban digirinsa na dakta kuwa sai a 1967 ya same shi, shekara goma sha ɗaya bayan haka.

Wannan tazara ba lalaci ba ne, haka tsarin yake. A wancan zamani akwai fitattun digirorin dakta iri biyu a Faransa. Akwai ƙarami, wanda ake kira na zagaye na uku, ana iya gama shi cikin shekara biyu ko uku. Akwai kuma babba, wato daktan gwamnati, wanda mutum kan shafe shekara goma ko fiye yana haɗa kundinsa, galibi yana koyarwa yana rubutu. Sai a 1984 aka haɗe su suka zama ɗaya. A ƙarshe ɗalibi zai kare kundinsa a bainar jama'a, gaban kwamitin shaihunan malamai, kowa na iya shiga ya saurara. In kuwa ba a sami malaman da suka yarda su zauna a kwamitin ba, to kundi ya maƙale ke nan. Abin da ya sami Cheikh Anta Diop na Sanagal ke nan, wanda ya kafa hujja cewa wayewar tsohuwar Masar ta baƙar fata ce. Da ya rasa kwamiti sai ya buga aikin nasa littafi a 1954, bai kuwa sami digirin ba sai a 1960, da wani kundin dabam.

Zaman ɗalibai

Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ɗalibin da ya sauka Paris daga Yamai ko Damagaram abu na farko da ke tarbarsa shi ne sanyi da tsadar ɗaki. Mai sa'a kan sami wuri a unguwar ɗalibai ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a kudancin birnin a 1925, inda a 1951 aka buɗe gida na musamman domin 'yan ƙasashen da Faransa ke mulka. Wanda bai samu ba sai ya kama ɗan ƙaramin ɗaki a can saman bene, irin waɗanda aka gina domin 'yan aikin gida, ya riƙa hawa shida ko bakwai da ƙafa. Abinci kuwa a ɗakin cin abinci na jami'a ake samunsa da rahusa, amma Musulmi sai ya yi hattara da naman alade da ke cikin girki iri-iri. In azumi ya faɗo a bazararsu, rana kan kai wajen ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, ya zama mahaɗar masu kewar gida ran Juma'a da ranakun Salla.

Sai dai ba ɗakin karatu kaɗai ne ya tarbiyyantar da su ba. A 1950 ɗaliban Afirka suka kafa ƙungiyar FEANF bayan taron da suka yi a Lyon da Bordeaux, Abdu Mumuni na cikin waɗanda suka aza harsashinta. A nan ɗan Nijar ya zauna da ɗan Kamaru da ɗan Gini, suka gane cewa ciwonsu ɗaya ne. Ƙungiyar ta fito fili ta nemi cikakken 'yanci, ta goyi bayan mutanen Aljeriya a yaƙinsu, abin da ya sa 'yan sanda suka sa mata ido, aka sha ƙwace mujallarta, wasu ɗalibai kuma aka yanke musu kuɗin tallafi ko aka kore su. Mu lura da wannan: ƙasar da ke biya musu kuɗin karatu ita suke ƙalubalanta, kuma a cikin babban birninta. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 FEANF ta yi kira da a ce a'a ga Janar de Gaulle. Gini kaɗai ta ce a'a, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin fushi, sai Abdu Mumuni ya tafi Konakiri ya riƙe alli domin cike giɓin. Gwamnatin Faransa ta rushe ƙungiyar a 1980.

Abin da ya dawo gida

Ƙimar karatun waje a hannun wanda ya dawo ake ganinta. Abdu Mumuni ya duƙufa kan makamashin hasken rana, ya yi aiki a Bamako, sa'an nan daga 1969 ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ya kuma riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979. Littafinsa kan ilmi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu na gida, magana ce da ta shafe mu kai tsaye mu masu nazarin Hausa. Ya rasu a 1991, jami'ar kuma ta ɗauki sunansa a 1992.

A fagen tarihi ma haka abin yake. André Salifou, haifaffen Damagaram, ya yi digirinsa a Toulouse, ya fitar da tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar a 1975, daga baya ya rubuta na daular Abzin. Rahotannin jami'an mulkin mallaka da yawa da suka shafi ƙasashen nan suna gidan adana takardu na Aix-en-Provence, a kudancin Faransa. Shi kansa harshen Hausa ana koyar da shi a Paris, a makarantar harsunan gabas da aka kafa tun 1795, inda Claude Gouffé da Bernard Caron suka koyar. Caron ɗin ne ya haɗa kai da Ahmed Amfani na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka fitar da ƙamusun Faransanci da Hausa a 1997.

Yadda abin yake a yau

Daga 2002 Faransa ta koma tsarin bai-ɗaya na Turai: shekara uku digirin farko, biyu digiri na biyu, uku na dakta. A 2019 aka ƙara wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗin makaranta, aka yanka Yuro 2,770 a shekara ga masu digirin farko, da 3,770 ga masu na biyu, amma ƙarin bai shafi masu digirin dakta ba, jami'o'i da yawa kuma suka yafe wa ɗalibansu shi. Doka ta yarje wa ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara domin ya rage wa kansa nauyi. Siyasa kuwa ba ta daina shiga tsakani ba. Nijeriya ta taɓa yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara. Bayan juyin mulkin 2023 a Nijar dangantaka ta yi tsami, aka dakatar da ba da biza, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, hanyar da Abdu Mumuni ya bi ta yi wa ƙannensa wuyar bi.

Kammalawa

Abin da muke son ɗalibanmu su ɗauka shi ne, wani babban kaso na tarihin ƙasar Hausa da Faransanci aka rubuta shi, kuma 'yan'uwanmu ne suka rubuta, da wahalar sanyi da kewar gida. Ɗalibin Suleja da ke nazarin sarautar Haɓe bayan jihadi, in bai karanta abin da aka rubuta kan Maraɗi da Tasawa da Damagaram ba, ya bar rabin gonarsa ba noma. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka buƙatar waɗannan littattafai cikin Hausa ta ƙaru a ɓangarorin biyu na iyaka. Aikin sassan Hausa na jami'o'inmu ne su horar da masu jin harsunan biyu, su tura su Yamai ko Paris, su kuma sa fassara waɗannan ayyuka cikin abin da ake ba ɗalibi digiri a kansa. Zumunta dai a ƙafa take.