Yardar Iyaye a Gwajin Magani: Lamarin Trovan a Kano

Ƙa'idar farko a binciken magunguna ita ce kada a gwada sabon magani a jikin mutum sai an bayyana masa cewa gwaji ne, an faɗa masa haɗarinsa, ya kuma amince ba tare da tilas ba. Idan yaro ne, iyayensa ake tambaya. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duk a kan wannan suka tsaya. A ƙasar Hausa, lamarin da ya fi fito da nauyin wannan ƙa'ida shi ne gwajin Trovan.

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya, ta kashe mutum fiye da dubu 11. Ana cikin haka ne ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka ɗebi yara kimanin 200. An ba wa rabinsu Trovan, sabon maganin da kamfanin ke gwadawa, sauran kuma aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda aka rage yawanta ƙasa da yadda aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma ma'aikatan jinya sun nemi izinin iyaye da baki, da Hausa. Iyalai da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi.

Ko da an ɗauka an yi bayanin da baki, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Uban da ya ɗauko ɗansa daga ƙauye, wuyan yaron ya sandare, zazzaɓi ya rufe shi, ba ya cikin halin auna zaɓi. Duk wanda ya ga farar riga a wannan sa'a ceto yake gani, kuma “to” ɗin da zai ce roƙo ne. Abin da ya ƙara munana lamarin shi ne a harabar asibitin nan likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suna ba da magani kyauta wanda aka daɗe da sanin aikinsa. Iyayen da ba a nuna musu wannan hanya ba, an hana su abin da zai mayar da amincewarsu zaɓi na gaskiya.

Jaridar Washington Post ce ta tona zancen a Disamban 2000. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka danganta ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta.

Illar ba ta tsaya a birni ba. A 2003, da jita-jita ta yaɗu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙe. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama. A yankunan karkara irin su Kunci, inda masu rigakafi ke bin gida gida, maigidan da ya hana shiga gidansa yakan tambayi dalilin da ya sa ake kawo ɗigo kyauta har ƙofa, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya saya. Tambaya ce ta adalci, kuma kiranta jahilci bai amsa ta ba.

Abin da ya dawo da amana shi ne shigar sarakuna, hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai cikin aikin, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a Agustan 2020. Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007. Sai dai amincewar dagaci tana buɗe ƙofar gari ne kawai. Ƙa'idar tana buƙatar a yi wa uwar yaro da ubansa bayani da harshen da suke ji, a kuma sanar da su cewa idan suka ƙi, za a yi wa ɗansu magani kamar kowa.