Yadda Nagano Ta Rage Gishirin Miya

'Yan uwa, wannan makon mu leƙa lardin Nagano na ƙasar Japan. A shekarun 1960, yana cikin lardunan da shanyewar ɓarin jiki ta fi kashe mutane, domin tsananin sanyi ya saba musu da adana kayan lambu cikin gishiri. Sai likitoci da ma'aikatan jinya na karkara suka horar da matan unguwa 'yan sa-kai. Matan suka riƙa bi gida-gida suna auna gishirin miya, suna jan hankalin tsofaffi su je awon hawan jini, su motsa jiki. A ƙididdigar 2010, Nagano ce kan gaba a tsawon rai a duk Japan, maza da mata. Mu lura, tsohuwa ta fi karɓar gyaran girki daga bakin maƙwabciyar da ta sani.