Sa'a Guda Ba Yankewa: Abin da Ke Jan Kunne a Kundin Haɗin DJ

A kasuwannin yammacin Kano, daga Karaye da Rogo har ƙananan garuruwa irin su Yola, akwai wata sana'a da ba a san da ita ba shekaru talatin baya: saurayi da kwamfutarsa a rumfar cajin waya, yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Cikin abin da ake nema a wurinsa har da fayil guda mai tsawon sa'a ɗaya ko fiye, inda wani DJ ya jero waƙoƙin su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da Ado Gwanja, ya ɗaure wutsiyar wannan da kan waccan yadda kiɗan ba zai tsaya ba. Mai wayar kuwa sau da yawa yana da waƙoƙin nan ɗai-ɗai. To me yake saya a karo na biyu? Tambayar ta fi ƙarfi idan aka kai ta Turai, inda irin wannan kundi ya kai ƙololuwarsa a shekarun 1990 da kiɗan rawa na lantarki da ake kira tirans, da ɗan'uwansa mai sanyi, ambiyan, waɗanda mafi yawansu ko baiti ɗaya babu a ciki. Hujjar wannan maƙala ita ce, mai sauraron kundin haɗi lokaci yake saya, sa'a guda da wani ya tsara masa daga farko har ƙarshe, kuma kunnen Bahaushe ya san daɗin wannan tun kafin zuwan lantarki.

Sai an fahimci aikin kafin a yi masa hukunci. Kiɗan tirans ya taso ne a Jamus, musamman Frankfurt da Berlin, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kuma yawanci yana tafiya da bugu 130 zuwa 140 a minti ɗaya. An gina shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa bugu 16 ko 32, a ƙara wani sauti ko a janye wani a kan kowace iyaka. Aikin DJ shi ne ya daidaita saurin faifai biyu har bugunsu ya hau kan juna, ya shigo da na biyu daidai kan gaɓa, ya rage na farko sannu a hankali, ya kuma kula kada amon biyun su yi karo. Injin faifai na Technics SL-1200, wanda ke da maɓallin ƙara gudu da rage shi, shi ya zama kayan aikin wannan sana'a. Da aka fara ɗaukar aikin a faifan CD mai cin kusan minti 80, sai ga sabon nau'in kundi. A 1994 Sasha da John Digweed, 'yan Birtaniya, suka fitar da Renaissance: The Mix Collection a faifai uku, a 1996 suka biyo da Northern Exposure. Paul Oakenfold ya kai salon ga jama'ar Amurka da Tranceport a 1998, Tiësto na ƙasar Holan ya fara jerin In Search of Sunrise a 1999. Kusan duk kiɗan da ke cikin waɗannan kundaye na wasu ne, amma sunan mai haɗawa aka buga a bango, kuma sunansa mutane suka bi suka saya.

Dalilin haka yana cikin abin da yankewa ke yi wa mai sauraro. Duk lokacin da waƙa ta ƙare aka yi shiru na daƙiƙa biyu, hankali yakan dawo ɗaki, mutum ya tuna da wayar da ke hannunsa, ya fara shawarar ko ya tsallake ta gaba. Kundin haɗi yana ɗauke masa wannan shawara. Da zarar an cire shirun, sai kunne ya daina lissafin waƙoƙi ya koma bin hawa da sauka: farawa a hankali, ɗumama, wurin da ake janye ganga gaba ɗaya a bar amo shi kaɗai yana shawagi har rai ya ƙagu, sannan bugu ya dawo. Gwanin DJ yakan jinkirta wannan dawowa, wani lokaci ya yi minti ashirin yana shimfiɗa hanya saboda waƙa guda da ya ajiye. Waƙar da za a ji ita kaɗai a ce ba ta da wani armashi, idan ta zo a muhallinta sai ta tayar da tsigar jiki. Ɓangaren ambiyan ya bi wannan hanya ta fuskar natsuwa. Brian Eno ya fitar da Music for Airports a 1978 da nufin yin kiɗan da zai cika wuri ba tare da ya tilasta wa kowa saurare ba, ƙungiyar The KLF kuma ta yi Chill Out a 1990, kundi guda ba yankewa wanda aka tsara shi a matsayin tafiyar dare a kudancin Amurka. Direban da ya taso daga Rogo zuwa Kano da asuba, da telan da ke kan keke a daren sallah, bukatarsu ɗaya da ta waɗanda aka yi wa waɗannan kundaye, wato sautin da zai riƙe su tsawon aiki ba tare da ya nemi hannunsu ba.

Wannan bukata tsohuwa ce a ƙasar noma irin ta Karaye da Rogo. Makaɗin gangar noma a wurin gayya ba ya kaɗa waƙa ya tsaya ya jira tafi. Yana bin manoma kunya bayan kunya, ya saki taken wannan ya kama na wancan ba tare da bugun ya faɗi ba, ya ƙara wuta idan ya ga hannu ya fara sanyi. A fagen bori tsarin ya fi fitowa fili. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya wallafa littafinsa kan bori a 1983, ya nuna cewa kowane iska yana da nasa kiɗa da kirari, kuma masu garaya da 'yan buta, ko mai goge da masu ƙwarya, su ke jero su gwargwadon wanda ke fage da yadda jikinsa ya nuna. Mai garaya bai ƙirƙiri taken Sarkin Rafi ko na Ɗan Galadima ba, gadonsu ya yi. Gwanintarsa tana wajen sanin wanda zai biyo bayan wane, da lokacin da zai ƙara sauri. Ba ana cewa gidan rawa na Berlin da fagen bori abu ɗaya ba ne; bori yana da aƙida da magani da iskoki masu suna, wancan kuwa nishaɗi ne na kasuwa. Inda suka haɗu shi ne a sana'ar makaɗin, wanda a duka wuraren biyu ake auna shi da iya jeri da karanta jama'a.

Za a iya cewa Bahaushe mai son magana ne, kuma kiɗan da babu waƙa a kansa fanko ne a kunnensa. Akwai gaskiya a nan. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da baki suka ci kasuwa, waƙoƙin finafinai ma, duk da cewa a kan fiyanon Yamaha aka gina su, baitin soyayya ne ke sayar da su, shi ya sa haɗin DJ na Kano ya riƙe murya bai yar ba. Sai dai Jamhuriyar Nijar ta ba da shaidar da ke rage wa wannan suka ƙarfi. A 1978, shekarar da Eno ya fitar da nasa, Mamman Sani ya ɗauki kaset a Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, kiɗa mai sanyi da maimaici wanda ya ɗauko amonsa daga waƙoƙin gargajiyar ƙasar. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, jama'a suka haddace shi, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake buga shi duniya ta ji. Bayansa ga Hama, shi ma a Yamai, wanda kiɗansa na lantarki marar waƙa ya yaɗu daga memori zuwa memori kafin a fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Mutanen da suka riƙa tura wa juna kiɗan Hama ba 'yan gidan rawar Turai ba ne, talakawan Sahil ne masu ƙananan wayoyi, kuma babu wanda ya tallata musu shi.

Suka ta biyu ita ce DJ ba mai fasaha ba ne, mai danna maɓalli ne a kan gumin wasu, musamman yanzu da manhaja irin VirtualDJ ke daidaita bugu da kanta. Lallai manhaja ta sauƙaƙe aikin hannu, amma ba ta san wace waƙa ta dace da minti na arba'in ba. Tela ba ya saƙa yadi, duk da haka kowa yana bambance ɗinkin gwani da na ɗan koyo, kuma alamar gwani ita ce a nemi inda ya haɗa a rasa. A nan ne ya kamata a faɗa wa masu haɗin gida gaskiya. Da yawansu suna rusa abin da mai sauraro ya zo nema: jiniya kowane minti biyu, sunan DJ da lambar wayarsa a kan baitin mawaƙi, waƙa mai gudu a kan mai sanyi ba shiri, a yanke amshi a tsakiya. Dalilin a fili yake, domin fayil ɗin talla ne na neman a gayyaci DJ ɗin biki, kuma yana tsoron wani ya goge sunansa ya sa nasa. Amma kundin da ke katse kansa da kansa ya zubar da fifikonsa a kan jerin waƙoƙin da kowa zai iya tarawa a wayarsa. Kayan aikin kuwa suna nan birjik: amon garaya da gurmi da kukuma, kiɗan ƙwarya, da salon fiyanon Kano wanda kundin Harafin So na 2013 ya nuna cewa kunnuwan waje ma suna marmarinsa.

Sukar da ta fi nauyi a wurinmu ta tarbiyya ce. Iyaye da malamai da hukumomin Hisba sun sha kokawa da kiɗan DJ a bukukuwa, saboda cakuɗuwar maza da mata da shaye-shayen da kan biyo baya, kuma ba a ɓoye yake ba cewa tarukan rawa na Turai sun yi ƙaurin suna da ƙwaya. Hukumar Birtaniya ma ta yi doka a 1994 don murƙushe irin waɗannan taruka, har dokar ta siffanta kiɗan da maimaita bugu. Wannan damuwa ta cancanci a ɗauke ta da gaske, amma a ɗora ta inda ya dace. Gilbert Rouget, masanin kiɗa ɗan Faransa, ya bi al'ummomi da dama a littafinsa na 1980 kan kiɗa da fita hayyaci, ya kai ga cewa babu wani bugu ko kayan kiɗa da ke gusar da hankali da ƙarfin kansa. Abin da taron ya yi imani da shi da abin da ya zo nema su ke yin aikin. Bori ma shaida ne, domin 'yan kallo da makaɗan kansu suna jin garayar da ɗan bori ke ji, iska kuwa ba ya hawansu. Hukuncin fage daban ne da hukuncin fayil ɗin da manomi ke ji a kunne yana cire ciyawa, kuma wanda ya haɗa su a hukunci ɗaya zai bar ainihin matsalar, wato ƙwayar da mai sayar da ita, ya kama lasifika.

Akwai suka guda da ban ga amsarta ba tukuna, ita ce ta haƙƙi. Kundayen Sasha da Oakenfold da Tiësto sun fito ne ta hannun kamfanoni, an nemi izinin kowane kiɗa, an rubuta sunan mai shi a bango, kuma shiga irin wannan kundi kan ɗaga ƙaramin makaɗi ya sa a nemi sauran aikinsa. Haɗin da ake turawa a kasuwar Karaye ba ya ɗauke da jerin sunaye. Mai turawa ya karɓi kuɗinsa, DJ ya samu gayyatar biki, mawaƙi wataƙila ya ƙara suna idan an gane muryarsa, amma yaron da ya kwana a situdiyo a Kano yana buga fiyanon da aka gina komai a kansa ba ya samun ko ambato. Matuƙar ana son haɗin DJ na Hausa ya zama aikin da za a ajiye a koma masa bayan shekara ashirin, kamar yadda ake komawa Northern Exposure, dole masu yin sa su fara rubuta sunan kowace waƙa da mawaƙinta da makaɗinta, su kuma zauna da su a yi yarjejeniyar rabo kafin fayil ya bar kwamfuta.