Tsokar Gaban Cinya da Gashin Ƙashi Bayan Tiyatar Sauya Gwiwa: Sake Auna Hujjoji

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa gashin ƙashi bayan sauya gwiwa ba ya ƙara wa majiyyaci abin a zo a gani. Ta nuna cewa an yi wa binciken da ake kafa hujja da su gurguwar fahimta, kuma babban aikin makonnin farko shi ne farfaɗo da tsokar gaban cinya.

Bitar ayyukan da suka gabata

Masu rage wa gashi daraja sun fi dogara da ayyuka biyu. Na farko bitar da Minns Lowe da abokan aikinta suka wallafa a mujallar BMJ a 2007, inda suka ga amfanin atisaye a wata 3 zuwa 4 bayan tiyata, amma bambancin ya dushe da aka kai shekara. Na biyu gwajin Buhagiar a Ostireliya, wanda JAMA ta buga a 2017: waɗanda aka kwantar kwana 10 a sashen farfaɗowa ba su fi waɗanda suka yi atisaye a gida nisan tafiya ba a mako na 26. Sai dai a gwajin nan ba wanda aka bari zaune. 'Yan gidan ma ma'aikatan lafiya na bibiyar su. Abin da aka kwatanta shi ne wurin yin atisayen, ba yin sa da barin sa ba. Wanda ya karanta sakamakon a matsayin izinin sallamar majiyyaci da takardar magani kawai ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Na'urar da ke lanƙwasa gwiwa majiyyaci na kwance kuwa, bitar Cochrane ta 2014 ta gama da ita: kimanin digiri 2 take ƙarawa.

Hanyar bincike

An nazarci gwaje-gwajen da aka wallafa daga 2005 zuwa 2017, aka fifita waɗanda suka auna ƙarfin tsoka kai tsaye.

Sakamako da tattaunawa

Aikin da ya fi haskaka lamarin shi ne na Mizner da Snyder-Mackler da abokansu a Jami'ar Delaware ta Amurka a 2005. Sun auna majiyyata 20 kafin tiyata da kimanin wata guda bayanta. Ƙarfin tsokar gaban cinya ya faɗi da kashi 62 cikin ɗari, alhali kaurinta a hoton MRI kashi 10 kawai ya ragu. Ina sauran ƙarfin ya tafi? Sun sa majiyyaci ya miƙe ƙafa iya ƙarfinsa, sannan suka aika wa tsokar ɗan lantarki ta fata. Sai ga ƙarin ƙarfi ya fito, wanda mai ƙafar ya kasa fitarwa da kansa. Wannan gazawar umartar tsoka ta kusan ninka ramewa wajen jawo raunin, kuma zafin gwiwa ɗan kaɗan ne ya bayyana daga cikinta. Ƙwan fitilar lafiya lau yake, wutar ce ba ta isa gare shi.

Duk likitan gashi ya san wannan hoton a gefen gado: a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa, a ce "Baba, danna ƙasa, ɗaga diddige," dattijo ya cije leɓe, gumi ya keto masa, diddigen ko motsi. Ba ragwanci ba ne, kuma hutu ba ya warkar da shi. Gaɓar da ta kumbura tana aika saƙon da ke danne jijiyoyin da ke tayar da tsokar. Shi ya sa rage kumburi da matse tsokar tun kwanakin farko suka cancanci a sa su gaba da tseren ƙirga digirin lanƙwasa, wanda ya fi ɗaukar hankalin 'yan dubiya da ma wasu likitoci. Stevens-Lapsley a Kolorado ta fara motsa tsokar da lantarki awa 48 bayan tiyata, kuma rahotonta na 2012 ya nuna ƙarin ƙarfi cikin makonni uku da rabi. Petterson a 2009 ta ga cewa masu atisayen da ake ƙara wa nauyi sannu a hankali sun fi masu kulawar yau da kullum ƙarfi da hawan bene bayan shekara.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa mutum 20 ba su da yawa, kuma rukunin da Petterson ta kwatanta da shi ba ƙuri'a ce ta zaɓe shi ba. A gwajinta ma lantarkin bai ƙara komai a kan atisayen ba. Sannan ma'aunan duka na masu zama a kujera ne: tashi daga kujera, hawan bene, tafiyar minti 6. Wajen digiri 110 ya wadaci waɗannan. Majiyyacin da ya koma gida daga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano zai tarar da tabarma da banɗakin tsuguno da zaman tahiya, wanda ke neman digiri 150 ko fiye, kuma tashi daga ƙasa ya fi tashi daga kujera neman ƙarfin cinya. Babu ɗaya daga gwaje-gwajen nan da ya auna hakan.