Gidan Gonar Kakanninmu a Ƙasar Fanisau: Tarihinsa Kafin Ya Bar Hannunmu

Gabatarwa

A daminar bara ne aka kira ni taron 'yan uwa a kan gidan gonar kakanninmu da ke ƙasar Fanisau, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo. Baffanmu na ƙarshe da ke zaune a gidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada kuwa sun haura arba'in, wasu a Kano, wasu a Kaduna da Legas, ba kuma ko ɗaya da ya rage yana riƙe da fartanya. Bayan doguwar shawara aka tsaya a kan a sayar da gida da gona, a raba kuɗin bisa ƙa'idar gado. Ni ma na sa hannu, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tun da ba ni da ikon hana cinikin, na ga ya zama wajibi in rubuta abin da na gani da wanda na ji daga bakin manya, ko malaman makaranta za su sami abin nuna wa ɗalibai game da yadda gandu yake a ƙasar Kano.

Fanisau da asalin gandun

Fanisau tana arewa da birnin Kano, tafiya kaɗan daga filin jirgin sama. Ta yi fice ne a zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, lokacin da ya mai da ita ribaɗi domin tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa. A can ne Baturen nan Clapperton ya je ya gai da Sarki a 1824. Da ƙura ta lafa, sai gandayen sarki da na bayin sarki da na attajirai suka kewaye garin, har ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ke ciyar da fada da birni.

Bisa ga abin da aka gada a gidanmu, kakan kakana falke ne mai fataucin goro zuwa Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau. Ya sami wannan fili a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Dalilinsa kuwa a fili yake: ayari yana buƙatar guzuri, jakuna suna buƙatar harawa, gidan birni kuma cike yake da iyali da baƙi. Saboda haka gona ita ce ginshiƙin fatauci a wancan zamani.

Fasalin gidan

Gidan na ƙasa ne tun daga tushe. Da tubali aka ɗora katangarsa, kaurinta daga ƙasa ya kai kamu biyu, tana sirancewa zuwa sama. Zauren farko yana da ɗaurin guga, an rufe shi da azarar giginya, irin wadda gara ba ta cinta da wuri. An shafe bangon waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin kuma da laso, indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin gini. Daga zaure sai shigifa, sai turakar maigida, sai sassan mata.

Amma abin da ya bambanta gidan gona da gidan birni yana bayan katanga ne. A nan akwai rufewa uku ta ƙasa, kowace mutum zai iya tsayawa a cikinta, ga rumbunan kara da ake sabuntawa duk kaka. Akwai barga mai turke huɗu, da garken awaki, da masussuka, da rijiya wadda igiyar guga ta yi wa bakin dutsenta zane mai zurfi. Can gangare akwai fadama, inda na taso na ga ana ban ruwa da jigo. Manya sun ce ba a taɓa buɗe rufewa ta uku sai shekara ta ɓaci, kuma an buɗe ta a yunwar 1914, aka ciyar da gida da maƙwabta har sabon gero ya nuna.

Waɗanda suka noma gonar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan gida da wannan gona ba hannun kakanninmu kaɗai ya tashe su ba, bayi ne suka kwaɓa ƙasar, su suka yi sassabe, su suka yi noma. Gabas da gidan akwai kufai, nan ne bukkokinsu suke a da. Tsarin aikin shi ne a fita gandu da hantsi ƙarƙashin sarkin gandu, a kai musu abinci gona, a tashi wajen azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa, wato ɗan yankin da aka yanka masa ya noma wa kansa. Wanda ya sami yardar ubangijinsa yakan shiga murgu, yana sana'arsa yana biyan wani abu, har ya tara abin fansar kansa. 'Ya'yan da aka haifa a gidan kuwa su ne cucanawa.

Turawa sun ci Kano a 1903. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai a 1936. A tsakanin nan wasu bayin gandunmu sun gudu, wasu sun fanshi kansu a gaban alƙali, wasu kuma sun zauna a kan gayauninsu, jikokinsu suna nan har yau, mun zama maƙwabta, har auratayya ta shiga tsakani.

Ina yaro na riski wata tsohuwa daga cikinsu, muna kiranta Iya. Takan zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida tana kaɗi, tana ba mu labarin mahaifiyarta da aka kamo daga kudu tana yarinya, har takan faɗi sunan garin da wasu kalmomi na harshensu. Mu kuwa dariya muke yi. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, na cika fayil ba iyaka da bayanan da ba wanda zai sake nema, amma ban rubuta ko layi ɗaya daga bakin Iya ba. Yau sunan garin ya ɓace mini, ba kuma wanda zan tambaya. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Zamanin gyaɗa da bayansa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi, musamman da yake Turawa sun ce a biya haraji da kuɗinsu, malaman taki kuma suna auna gonaki da ƙafa suna yanka abin da za a biya. Kakana ya raba gonar biyu, rabi hatsi rabi gyaɗa, ya maye gurbin bayi da 'yan ƙodago da gayya. Daga nan ma'anar gandu ta koma ga noman uba da 'ya'yansa maza a gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya. Da kuɗin gyaɗa aka yi wa turaka ƙofar katako, da shi kuma aka kai mahaifina makaranta, wanda shi ne farkon fitarmu daga gona.

Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan noma, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, kuɗin man fetur kuma ya ja matasa zuwa birni. Gidan ƙasa kuwa yana rayuwa ne da yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Da masu yaɓen suka watse, sai damina ta fara cin rabonta: barga ta faɗi, rufewa biyu sun rushe, zaure kaɗai ya tsaya da ƙarfinsa.

Halin da ake ciki

Yanzu birni ya iso bakin gonar. Dillalan da suka zo ba wanda ya ɗaga kai ya dubi ɗaurin gugar zaure, filin suke aunawa da ido, suna lissafin fuloti nawa zai fitar in an yi masa awon igiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gayaunin nan. Jikokin mutanen gandu sun fi shekara ɗari suna noma su, ba su da takarda, sai shaidar dagaci da ta dattawa. Dokar ƙasa ta 1978 ta san da haƙƙin wanda yake riƙe da gona bisa al'ada, amma talaka marar takarda shi ne yakan sha kashi in ciniki ya faɗa. Na ce wa ƙannena, “Ku ji tsoron Allah, kakanninsu sun riga sun biya kuɗin wannan ƙasa da guminsu.” An yi ta ja-in-ja, wasu har yau ba sa amsa sallamata da sakin fuska, amma a ƙarshe an yarda a cire gayauni da maƙabarta daga ciniki, a rubuta haka a gaban dagaci da shaidu.

Kammalawa

Ba na kiran kowa ya hana magada haƙƙinsu, domin a cikinmu akwai zawarawa da marayu da ke jiran wannan kuɗi. Roƙona ga dattawa da malamai shi ne, duk inda aka ji za a sayar da tsohon gidan gona, a je kafin magina su je. A auna ɗakuna, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen gonaki da na itatuwa, a zauna da tsofaffi na ɓangaren iyayen gida da na ɓangaren waɗanda suka yi bauta, a ji daga kowa. Ni na yi wa namu haka a makare, tare da wasu ɗalibai biyu da jikan maginin da ya saba yi mana yaɓe. Na kuma roƙi alfarmar a bar tsamiyar ƙofar gida, ko da mai saye zai rushe sauran. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina da waɗanda suka noma, ya sa mu cika da kyau.