Tafiyar da komiti tsakanin taro da taro

Idan shugabannin bankin cimakarku suna zaune a garuruwa daban-daban, ko wasu sun tafi cin rani, shawarar da kuka yanke tana iya rushewa kafin ku sake haɗuwa.

Kada ku watse sai magatakarda ya rubuta abu 3: aikin, mai yin sa, da ranar gamawa.

Ku tsai da rana ɗaya a mako, kamar ranar kasuwa, kowa ya faɗi ta salula abin da ya gama da abin da ya gagare shi.

Kada ma'aji ya fitar da kuɗi ko hatsi sai mutum 2 sun sa hannu.

A taro na gaba, ku fara karanta alkawuran. Wanda bai cika nasa ba, ya bayyana dalili gaban kowa.